Ranar da Aka Binne Lawan Tela

Abin da ya sa na ɗauko wannan babin, jikata ce Hadiza ta dawo daga wani suna a Zango idonta jawur. Wai wata tsohuwa ta tambaye ta 'yar gidan wa ce, da ta faɗa sai tsohuwar ta taɓe baki ta ce, "Au, jikar wanda ya kori jana'iza." Na san tsohuwar nan. Na san ubanta ma, kuma na san lungun da ya bi ran nan, takalmansa a hannu. Na daɗe ina haɗiye maganar nan har ta yi mini kanta a ƙirji. Ku 'ya'yana ku karanta, ku karanta wa naku, don ku san abin da babanku ya yi da abin da bai yi ba ranar da aka binne Lawan Tela.

Lokacin da aka kawo ni daga Gaffati, babanku mushe ne, wato malami, a lakwal, makarantar Nasara, yana koya wa yara boko. Siriri ne, mai sanyin magana, irin wanda in kaza ta hau tabarmarsa sai ya matsa mata. Amininsa Lawan kuwa ba abin da ya haɗa su a halitta: dogo, baƙi, ga murya, in ya yi dariya a bakin kasuwa ana ji har gidanmu. Makarantar allo ɗaya suka yi, sai aka kama babanku aka sa shi lakwal, Lawan kuma aka zaunar da shi gaban keken ɗinki. Shagonsa na kan hanyar kasuwa, kuma ban taɓa wucewa na gan shi ba mutane ba. Akwai abin da duk Zango ta san Lawan da shi. In aka yi rasuwa, kafin masu haƙa su dawo daga maƙabarta ya aiko da likkafani a ɗinke, ko goro ba ya karɓa. Ba na jin akwai gida a unguwar nan da allurarsa ba ta suturta wani nasu ba.

Akwai kuma alkawarin da ke tsakaninsu, wanda ya girmi aurena. Wata shekara sanƙarau ya shigo Damagaram, mutane na faɗuwa har manya suka gaji da wankan gawa, liman ya jawo samari masu ƙarfin zuciya suna taya shi, su biyun suna ciki. Nan suka ga yadda ake yi wa wanda ba shi da kowa, a watsa masa ruwa sama-sama a naɗe. Suna wanke hannu a bakin rijiya suka yi wa juna alkawari: duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai wanke shi da hannunsa, shi ne kuma zai shiga kabari ya karɓe shi. Ba a ɓoye maganar take ba. Lawan yakan tsokani babanku da ita a gaban kowa, ya ce ya daure ya ƙara ƙiba, don shi bai iya wankan tsintsiya ba.

Da Nasara suka buɗe ƙofar zaɓe, aka ce kowane yanki ya aika wakili majalisar Yamai, Lawan ne ya tura babanku gaba. Shi kam da an bar shi da allinsa da ya fi so.

"Kai ka iya Faransanci, ni na iya mutane," in ji Lawan. "Ka je can ka faɗa musu abin da zan gaya maka."

Haka suka zagaye ƙauyuka a bayan kamyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, Gaffati, Hamdara, har inda mota ba ta shiga sai a kan jaki. Lawan ya yi magana jama'a su yi ta dariya suna tafi, babanku ya tashi ya faɗi kalma kaɗan tsofaffi su gyaɗa kai. Ya kuwa ci, ya zama konseye, wato ɗan majalisa. A can ba shi da zance sai na rijiya da na lanho, harajin nan da ke korar manoma zuwa Kano in damina ta ƙi, har abokansa suka sa masa suna Konseye Guga. In ya dawo hutu, kafin ya shigo gida sai ya biya shagon Lawan ya ba da bayani kamar wanda aka aika kasuwa. Ni har haushin shagon nan nake ji, don tuwona yakan huce ina jira.

Sai shekarar ƙuri'ar i ko a'a ta zo, da aka tambayi ƙasa ko za ta ƙara zama a inuwar Faransa ko kuwa a raba gari nan take. Jam'iyyar da su biyun ke ciki ta ce a'a. Babanku ya dawo daga Yamai ya ce shi i zai yi. Ina dama musu fura a tsakar gida bayan la'asar suka yi maganar da ta raba su.

"Lawan, na ga abin da ba ka gani ba," in ji babanku. "In suka kwashe nasu gobe, wa zai buɗe asibiti? Wa zai sayi gyaɗar mutanen da suka zaɓe ni? A bi a hankali, 'yancin nan zai zo."

"Tsoro ne ka ɗinka masa riga, Isuhu. Ni tela ne, na san ɗinki in na gani."

"Ba tsoro ba ne, lissafi ne."

"Ai lissafin ne ya hana jaki sarauta," in ji Lawan. Ya shanye furarsa tas, ya lashe ludayi, ya miƙe ya dube ni. "Rakiya 'yar ƙauye, furarki ta fi mijinki gaskiya."

Ban yi dariya ba, shi ma babanku bai yi ba. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba, kuma duk wanda ya ce muku ya sani, ku tambaye shi inda yake a shekarar. Abin da na sani shi ne masu i suka ci, aka rushe majalisa aka sake zaɓe, babanku ya koma a gefen gwamnati, yanzu ana ce masa dipite maimakon konseye. Ba a daɗe ba aka haramta tsohuwar jam'iyyarsu. Duk wanda aka gani a taron da ke da ƙanshinta sai a yi gaba da shi. Mutane suka koyi yin shiru, ban da Lawan. Shagonsa bai daina cika ba, bakinsa bai daina aiki ba, har wata safiya kamyo ya tsaya a ƙofar shagon aka tafi da shi kaso can arewa. Babanku ba ya gari ran nan, kuma ba shi da hannu a ciki. Abin da ya yi shi ne bin biro-biro a Yamai, ofis bayan ofis, yana roƙon a saki amininsa, kamar mai neman aure, har manyan suka fara kallon sa da wutsiyar ido. Sun saki Lawan daga baya, amma sai da tari ya gama cin ƙirjinsa. Mutumin da ake jin dariyarsa daga kasuwa, a zaune aka sauko da shi daga mota.

A wannan tsakanin ne kumandan Bature da ke mulkin yankin Damagaram ya fara haɗa kayansa, don ranar 'yanci ta matso. Aka ce babanku ya riƙe kujerar riƙon ƙwarya, in an yi bikin 'yanci a tabbatar masa. Ku yi tunani, ɗan Zango a kujerar da tun kakanni ba a taɓa ganin baƙar fata a kanta ba. Aka ba shi mota mai 'yar tuta a hanci, da gardi biyu masu jar dara da bindiga, waɗanda doka ta ce duk inda kumandan ya sa ƙafa suna bayansa. Gidanmu ya cika da masu gaisuwa, har waɗanda ba su taɓa amsa mini sallama ba suka fara kirana Hajiya tun ban je ko'ina ba. An ce mu koma gidan kumandan na bariki, na ce ba inda za ni. Wanda aka ba riƙo ba ya kafa gadonsa a ɗakin mutane. Babanku kuwa murna yake a ɓoye, na sani, don kullum zancensa rijiyoyin da ya yi shekaru yana roƙo, yanzu da bakinsa zai ce a haƙa.

An gargaɗe shi tun ranar farko cewa kada a ga ƙafarsa a gidan Lawan. Ni ba wanda ya gargaɗe ni, don haka nakan dama kunu in kai. Matarsa Falmata ƙawata ce tun ina amarya, ita ta koya mini yadda matan birni ke ɗaura kallabi. Zuwana na ƙarshe na tarar da shi an jingina shi da bango, wuyansa kamar mariƙin ludayi, amma idon nan na tsokana yana nan.

"Matar kumandan da kanta," ya ce. "Falmata, shimfiɗa mata sabuwar tabarma kada a kai mu kaso."

"Kai dai Allah ya shirye ka, Lawan. Sha kununka."

Ya kurɓa, tari ya sarƙe shi, muka jira ya lafa. Sai ya ce, "Ki gaya wa Isuhu ban yi fushi ba da bai zo ba. Amma alkawari na nan. Ki ce ya ɗumama ruwan, ya san ba na son sanyi."

Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni. Babanku ya ture kwanon tuwo ya shiga ɗaki.

Cikin damina ne, gero ya kai gwiwa, ana ta share fili don bikin 'yanci. Da hantsi muka ji kuka ya tashi daga gefen gidan Lawan. Kafin rana ta take sai ga babanku ya dawo daga biro, abin da bai saba ba. Ya tarar da mu a tsakar gida, ni da mahaifiyarsa Iya, da wansa Yaya Sani, ɗan kasuwar fata, wanda labari ya riga ya kawo shi. Ya zauna a kan turmi ya ce an bugo masa waya daga Yamai. Wani babba ne, ba zan kama sunansa ba don ya riga mu gidan gaskiya. Ya ce kada a bari jana'izar nan ta zama taro, a binne shi da danginsa kaɗai, kuma kada wani ma'aikacin gwamnati ya kuskura ya je.

"To ai an rage maka aiki," in ji Yaya Sani. "Ka aika da turmin alawayyo da goro, in ƙura ta lafa ka je gaisuwa. Saura kaɗan a tabbatar maka, Isuhu. Kujerar nan ba taka ba ce kai kaɗai, ta gidan nan ce, ta Zango ce. Mamaci bai san wanda ya wanke shi ba."

"Shi bai sani ba, wannan ya sani," na ce, ina nuna babanku. Ban saba sa baki in wan miji na magana ba, amma ran nan kunya ta bar ni. "Yaya, alkawari kaya ne. Mutumin nan da bakinsa ya aiko ni. In Malam bai je ba, da wane ido zan dubi Falmata?"

"Ke dai mace ce, ba ki san mulki ba."

"Na san wanka," na ce.

Iya ta bar mu sai da muka gaji. Tsohuwa ce mai nauyin baki, in ta yi magana an gama. Ta ajiye carbinta ta dubi ɗanta.

"Zuwa za ka yi, wannan ba shawara a ciki. Lawan ya ɗinka wa ubanka likkafani. Amma ba a ɓoye za ka je ba kamar ɓarawo. Ka shiga motarka da tutarka ka je. In kumandan da kansa yana cikin sahu, wane gardi ne zai taɓa mutum? Ka zama inuwar mutanen nan su yi wa ɗan'uwansu salla hankali kwance."

Wallahi a lokacin duk mun ga hikimar maganar, har da Yaya Sani. Babanku ma fuskarsa ta washe, don ya ga hanyar da kujerar za ta yi wa Lawan amfani ko sau ɗaya. Ya san abin da zai biyo baya daga Yamai, ya kuma yarda da shi. Ya ce in ɗora ruwa a wuta. Na ɗora, na zuba a tulu, na tsinko ganyen magarya, na yi gaba da su a ƙafa.

Ban taɓa ganin taro irin na ƙofar gidan Lawan ba. An shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har bakin masallaci, waɗanda ba su sami wuri ba suna tsaye jikin katanga. Mahauta, dukawa, masu kamyo, dillalai, har mutanen ƙauye da suka zo cin kasuwa suka ji labari suka ɗaure jakunansu. Raɗe-raɗin cewa an hana taro ya riga ya zaga, amma sun zo, wannan kam ba zan hana su ba. Na kutsa na shiga wajen mata. Akwai wata 'yar taga a ɗakin da ke jikin zaure, tana kallon waje, nan na tsaya don in ga isowarsa.

Motar ta shigo a hankali, tuta na kaɗawa. Surutu ya ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Babanku ya fito ya yi sallama, aka amsa ƙasa-ƙasa. Da ya tsaya ya yi musu jawabi ko kalma biyu ne, ya ce ku zauna lafiya ba mai taɓa ku, wataƙila da ban rubuta wannan babin ba. Amma shi ba mai jawabi ba ne, mai yi masa jawabin yana kwance a ciki. Idonsa cike da hawaye ya sunkuyar da kai ya wuce zaure, ya tuɓe babbar rigarsa, ya naɗe hannu, ya shiga inda gawa take. Gardin nan biyu suka tsaya jikin mota da bindigoginsu, kamar yadda suke yi a ko'ina. Ba su ce wa kowa komai ba. Kallon mutane kawai suke, don ba su da wani abin kallo.

Ba gudu aka yi ba, kada wani ya gaya muku an yi gudu. Wani dattijo ne ya fara miƙewa ya ɗauki buta kamar zai kama ruwa, ya sha kwana bai dawo ba. Wani ya ce bari ya sake alwala. Wani ya tuna bai rufe shago ba. Waɗanda ke jikin katanga suka zame ɗaya bayan ɗaya, kowa na jan hularsa yana rufe fuska, don kowa ya ɗauka an zo a haddace fuskoki ne, gobe kamyo ya bi gida-gida. Ina tsaye ina kallo. Na so in fita in yi ihu in ce ku dawo, don ku aka zo da tutar nan, amma ina mace za ta fita tsakiyar maza ranar jana'iza? Na aika wata tsohuwa ta leƙa ta gaya wa babanku, aka ce mata ba a shiga ana wanka. Shi kuwa yana can yana yi a natse, gaɓa-gaɓa, da ruwan ɗumi, yadda ya yi alkawari.

Da aka gama, aka sa shi a likkafanin da ya ɗinka wa kansa tun dawowarsa daga kaso, aka ɗora a makara. Babanku ya kama gaba, ƙanen Lawan ya kama ɗaya gefen, suka fito. Na ga fuskarsa lokacin da ya ɗaga kai. Tabarmi ne shimfiɗe har bakin masallaci, ba kowa a kai, sai butoci da wani tsoho makaho da ɗan jagoransa ya manta da shi. Liman na nan, Allah ya jiƙansa, da 'yan tsirarun dangi, mafi yawansu tsofaffi. Ko sahu ɗaya ba su cika ba. Haka aka yi wa Lawan Tela salla.

Sai aka zo ɗauka, maƙabarta da nisa, tsofaffin nan ba mai ƙarfin kafaɗa. Gardin biyu suka dubi juna. Musulmi ne, 'ya'yan mutane ne, suka zuba bindigoginsu a mota suka zo suka kama bayan makara. Lada suka nema, Allah ya ba su. Amma ku duba abin da mutanen Zango suka gani ta kafar ƙyaure da saman katanga: kumandan a gaba, jar dara biyu a baya, mota mai tuta na bin su a hankali, ba jama'a. Kafin magariba magana ta gama gari, wai an kori masu salla da bindiga, wai har gawar Lawan sai da aka kama. Falmata na jin shirun da ya yi yawa a waje ta tambaye ni abin da ake ciki, na matsa mata daga jikin tagar. Ta leƙa tagar da kanta, ta zame ta zauna a ƙasa, ba ta ƙara kallona ba.

Babanku ya shiga kabarin ya karɓe shi, ya kwantar da shi, ya dawo gida da jar ƙasa har gwiwa. Iya ta dube shi ta fashe da kuka, abin da ban taɓa gani ba.

Yamai ba ta ɓata lokaci ba. Kafin a yi sadakar bakwai wani ya sauka daga jirgi ya karɓi biro da mota da gardi. Kujerar majalisa ma aka nuna masa ya fi masa alheri ya sauka da kansa, ya sauka. Ranar da aka ɗaga sabuwar tuta, muna jin kiɗa da harbin bindiga daga filin, shi yana tsakar gida yana gyara igiyar guga. Aka mayar da shi lakwal ɗin Hamdara yana koyar da 'yan aji ɗaya. Rijiyoyinsa kuwa, ko ɗaya bai kai ga haƙawa ba. Masu kirana Hajiya suka koma ba su gan ni ba. Mutanen gwamnati na cewa ya ci amanar gwamnati, mutanen Zango na cewa ya ci amanar Lawan, ba tsuntsu ba tarko. Wanda ya aika Lawan kaso ba wanda ya kama sunansa. Dama an ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Ni kam na ƙudura sai na wanke shi. Na fara bin matan unguwa ina cewa ke mijinki buta ya ɗauka, ke naki shago ya tuna, na gan su da idona. Babanku ya ce in dakata har Falmata ta fita takaba, ita ce ya kamata ta fara jin gaskiya daga bakinsa. Da ta fita, wata Juma'a ya zo daga Hamdara muka tafi tare. Ba ta hana mu shiga ba. Ta zauna cikin ɗaki bayan asabari, shi ya tsuguna a bakin ƙofa, ni ina tsaye. Ya fara bayani tun daga wayar Yamai har shawarar Iya. Ta bar shi ya kai ƙarshe.

"Malam Isuhu, na sani," ta ce. "Tun ran nan na sani. Ni na taɓa tulun da Rakiya ta kawo, na ji shi da ɗumi. Wanda ya zo korar mutane ba ya aiko da ruwan ɗumi."

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Na ce, "To Falmata, ki faɗa mana! Ke in kika faɗa, wa zai musa?"

"In faɗa in ce me? In ce ba wanda ya kore su, da ƙafarsu suka tafi suka bar uban 'ya'yana a kan makara? Rakiya, marayu biyar gare ni. Gidan da nake ɗebo wuta, mai gidan ya tafi. Wanda ke ba ni bashin gero ya tafi. Wanda zai koya wa babban ɗana ɗinki, da wanda wata rana zai zo neman auren 'yata, duk sun tafi. Yanzu suna shigowa suna yi mini alheri, suna zagin mijinki, suna iya kallon idona. Ranar da na ce ba shi ba ne, ba mai sake iya tako zauren nan, ni ma ba zan iya gaishe su ba. Ku kuna da Hamdara. Ni ina za ni?"

Can ta ce, a hankali, "Ka wanke shi da kyau?"

"Na wanke shi da kyau," in ji babanku.

"To Allah ya saka maka. Kada ka ƙara zuwa gidan nan."

A hanya ina tafe ina huci, ina cewa wannan zalunci ne, ba zan yarda ba, gobe sai na tsaya a bakin rijiya na kira sunan kowa. Ya tsaya cak a tsakiyar lungu. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa ba ni umarni da kakkausar murya ba sai ran nan.

"Rakiya, ba za ki ƙara faɗa wa kowa ba, ko 'ya'yanmu. 'Ya'yan Lawan za su ci abinci a unguwar nan. Mutum ɗaya ya fi unguwa guda saurin sabawa da kunya."

Ban yarda da shi ba, har gobe ban yarda ba, amma na bi. Kun tashi kuna ganin babanku yana bin gefen hanya in ya shigo Zango, kuna tambayata me ya sa ba a ba shi hannu a masallaci, ina ce muku halin mutane ne. 'Ya'yan Lawan suka girma, unguwa ta riƙe su hannu bibbiyu, babban ya gaji shagon, 'yan matan suka yi aure a gidajen mutanen da suka ɗauki buta. Duk bikinsu ba wanda aka gayyace mu. Falmata kuma, in muka haɗu a hanya sai ta kau da kai, ni ma in kau da nawa.

Da babanku ya rasu, ana cikin haƙa sai ga likkafani an aiko, a ɗinke, ba a faɗi daga inda ya fito ba. Na buɗe na duba. Ɗinkin hannu ne, karkatacce, irin na tsohuwar da idonta ya fara mutuwa. A cikinsa muka sa shi. Ita kuwa Falmata ba ta zo gaisuwa ba.